Yadda Ake Yi wa Gidan Kunkurun Suruka Fenti Ana Gobe Za Ta Iso

Kai mai karatu, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun ƙwararru. Mu ne mutanen sashen gyare-gyare na wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, kuma abu ɗaya aka san mu da shi: da zarar an ce gobe babban baƙo zai zo, to a yau za mu shafe komai da fenti. Bango, gefen titi, gindin bishiya, tukwanen fulawa, har da tsohuwar motar nan da ciyawa ta fito a cikinta. A wannan aiki na yi furfura. Saboda haka ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, gidan kunkurunka zai yi ƙyalli kamar ofishin Babban Sakatare, surukarka kuma ba za ta taɓa mantawa da kai ba. Na biyun nan ma ko rantsuwa aka ce in yi, zan yi.

Ba da ka nake magana ba. An gwada tsarin a gidan abokin aikina Malam Badaru, wanda teburinsa ke kallon nawa, mutumin kirki da bai taɓa yin latti ba, bai kuma taɓa karanta takardar sanarwa har ƙarshe ba. Da labarinsa za mu yi misali.

Mataki na 1: Samo kunkurun da ba naka ba

Kada ka ɓata lokaci da kunkurun da ka saya a kasuwa. In wani abu ya same shi babu wanda zai yi kuka, kuma aikin da babu haɗari a cikinsa ba ya ɗaukaka ma'aikaci.

Na Badaru na surukarsa ne, Inna Iyatu, wadda ke zaune ita kaɗai a tsohon gidan marigayi mijinta a Jiwa. Marigayin ne ya tsince shi a gona tun kafin a haifi Murja, matar Badaru, ya sa masa suna Dattijo. Tun rasuwar maigidan, kullum da safe Inna kan ƙwanƙwasa bayan Dattijo da ɗan yatsa, ya leƙo da kai, ta miƙa masa ganyen yakuwa, ta ba shi labarin unguwa kaf. Ba ya musu, ba ya kai gulma gaba, shi ya sa ta ce ya fi rabin dangi hankali.

Murja ita ce auta, kuma ta daɗe tana roƙon uwarta ta dawo gidansu da zama, musamman da yanar ido ta fara rufe mata gani. Kullum amsar ɗaya ce: a'a. Sai da za a kai ta Kano wurin babban ɗanta a yi mata aikin idon, sannan ta sassauta.

"Auta, ku tafi da Dattijo gidanku," in ji ta. "In na dawo na tarar zaman ya karɓe shi, to ni ma sai in zauna."

Murja ta dawo gida ranar tana dariya tana share hawaye. Badaru kuwa ya fahimci maganar yadda duk wani ɗan sashenmu zai fahimce ta: za a zo duba aiki.

Mataki na 2: Raina wurin da ya zaɓa wa kansa

Kunkuru ba shi da aji. In ka sake shi a tsakar gida, zai je bayan tankin ruwa, ƙarƙashin bishiyar gwaiba, ya tona rami ya kwanta abinsa. Haka Dattijo ya yi. Yana cin ɓawon kankanar da Murja ke kawo masa daga kasuwar Zuba, yana shan hantsi, yana komawa inuwa. Har wani ɗan nauyi ya ƙara.

Kada wannan ya ruɗe ka. Ka tsaya a kan ramin, hannu a ƙugu, ka tambayi kanka abin da mutane za su ce.

"A ce surukar babban jami'i ta zo ta tarar da dabbarta a rami?" in ji Badaru.

"Abban Kauthar, a Jiwa ma a rami yake kwana," in ji Murja.

"To ai shi ya sa nan ba Jiwa ba ne."

Daga nan sai ka ɗauko waya ka nemi bidiyon wani Bature yana gina wa kunkuru gida. Ka kalli farkon, inda ake nuna katako da guduma. Da ka ga ya ajiye kayan aiki ya fuskanci kyamara ya fara dogon bayani da fuskar gargaɗi, ka kashe. A lura: duk bayanin da ya zo a ƙarshe, da yana da muhimmanci da an sa shi a farko.

Mataki na 3: Gina akwati, ka toshe ko'ina

Katako, ƙusa, da ranakun Asabar ɗinka. Kada ka kira kafinta, ana son Inna ta ji cewa da hannunka ka yi. Badaru ya daki babban yatsansa har farcen ya yi baƙi, ya kuwa yi ta yawo da shi a ofis yana nuna mana kamar lambar yabo.

Ka liƙe duk wata kafa, saboda sauro da ɓera. Ka ɗora murfin gilashi a sama don a riƙa hango mai gida ba sai an sunkuya ba. Sannan ka rataya ƙwan lantarki a ciki don ɗumi, domin haka Baturen ya yi. Shi dai a ƙasarsu ƙanƙara ke zuba, amma ba a zaɓe a kwaikwayo.

Mataki na 4: Jira sai ana gobe

Nan ne sirrin sana'ar yake, ka buɗe kunne.

Badaru ya gama akwatin da sauran lokaci mai yawa kafin dawowar Inna. Ɗan koyo da sai ya yi fentin nan take, ya bar shi a iska ya sha rana har warin ya fita. Wannan kuskure ne. Fentin da ya bushe ya daina wari ba ya magana. Baƙo zai shigo ya ɗauka dama can haka wurin yake, wahalarka ta tafi a banza. Amma in ya shigo wari ya doki hancinsa, idonsa ya kawo ruwa, ya san an girmama shi.

Don haka akwatin ya zauna tsirara a bayan gida, Dattijo na wucewa ta gefensa ko kallo bai ishe shi ba. Ranar Juma'a aka bugo waya daga Kano cewa gobe Inna na hanya. Badaru ya sauko daga masallaci, ya cire babbar riga, ya naɗe hannun riga.

Mataki na 5: Zaɓi fenti mai ƙarfi

Akwai fentin ruwa, akwai fentin mai. Na ruwa ba shi da ƙyalli, ba shi da wari sosai, na masu ƙaramin buri ne. Kai na mai za ka nema, kuma in so samu ne tsohon gwangwanin da rubutun jikinsa ya goge, irin waɗanda aka raba mana lokacin da aka share sito. In ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ka tsiyaya masa fetur ka dama. Haka muke yi tun kafin a haife ka.

Waje fari. Gefe-gefe baƙi da fari, irin na bakin titi. Ciki kuwa kore shar, bango da ƙasa, don mai gida ya ji kamar yana daji. Badaru ya yi shafi ɗaya, ya ja da baya ya duba, ya ƙara na biyu a kan na farkon tun bai sha iska ba.

Fenti zai ragu. Kada ka yi asararsa. Akwai ɗakin da Murja ta share ta shimfiɗa wa uwarta sabon zanin gado. Ka ja gadon tsakiya, ka bi bangon da farin da ya rage, ka mayar da gadon, ka rufe tagogi don kada ƙura ta manne.

A sashenmu muna da ƙa'ida: duk abin da ba ya motsi, a shafa masa. Badaru ya fito daga ɗakin da buroshi a hannu, sai ga Dattijo a tsaye cik a tsakar gida, bayansa duk ƙasa, ya yi furu-furu. Badaru ya dube shi, ya dubi buroshin. Ya durƙusa.

"Abban Kauthar!" Murja ce daga ƙofar kicin, da ludayi a hannu. "Wallahi in ka taɓa shi da abin nan, yau a mota za ka kwana."

"Ɗan layi ɗaya ne kawai, don ya dace da gidan."

"Ajiye."

Ya ajiye. Ka ga illar aiki a gida ke nan, a ofis babu mai yi maka haka.

Mataki na 6: Shigar da mai gida nan take

Ka taɓa bangon da ɗan yatsa. In bai kama yatsan sosai ba, ya bushe. Masu cewa saman ne kawai ya bushe, cikin yana nan yana fitar da tururi, ba su taɓa aiki da wa'adi a kansu ba.

Badaru ya ɗauki Dattijo yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu, ya saka shi, ya kunna ƙwan lantarki, ya rufe gilashi. Murja ta toshe hanci da gyale ta ce warin ya yi yawa, a bari sai wani satin. Ya ce da ita zuwa safiya zai lafa, kuma ya ɗauki matakin kariya. Matakin kuwa shi ne kwalin da ya rubuta wa gargaɗi da manyan baƙaƙe, da Turanci, cewa fenti bai bushe ba, ya manna a jikin akwatin ta ciki. Wannan yana da muhimmanci. Da zarar an manna sanarwa, duk abin da ya faru laifin wanda bai karanta ba ne.

Za ka ga mai gida ya nufi bangon nan kore ya fara gatsa, don a ganinsa ganye ne. Ka ɗauka yabo ne. Za ka ga yana miƙewa yana kartar bango da farce, yana tura murfi da kai. Ka ɗauka murna ce. Da Murja ta sake maganar wari, Badaru ya kawo kaskon turaren wuta ya ajiye a gefen akwatin, ya ɗan ɗaga gilashin hayaƙin ya shiga, ya mayar ya rufe.

Mataki na 7: Tarbi baƙuwa

Asabar da azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Badaru ya sha shadda, ya tsaya a gefen akwatin yadda muke tsayawa a gefen allon buɗe aiki.

Inna Iyatu ta fito riƙe da hannun Murja, da wani baƙin tabarau da ya rufe rabin fuskarta. Likita ya ce kada ta cire shi, kada ta kalli haske, ta kuma guji ƙura da hayaƙi da duk abin da ke sa ido ruwa. Fari, kore, baƙi da fari, duk ɗaya suke a wurinta. Wannan babu wanda ya sanar da sashenmu.

Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga hanci.

"Auta, gidan mai kuka koma?"

Badaru ya durƙusa ya gaishe ta. "Sannu da hanya, Inna. Ɗan gyara ne muka yi. Ga gidan Dattijo nan, da hannuna na gina."

"Allah ya yi albarka. Ina yake?"

Ya ɗaga gilashin. Abin da ya fito daga ciki ya sa Murja ta ja da baya tana tari. Inna ba ta ja ba. Ta sunkuya, ta lalubi ƙasan akwatin, tafin hannunta na mannewa tana ɓamɓarowa, har ta kai ga bayansa. Ta ƙwanƙwasa.

Shiru.

Ta sake ƙwanƙwasawa. "Dattijo, ni ce fa."

Bai leƙo ba. Ta ɗago shi da hannu biyu ta kai shi kusa da kunnenta. A lokacin ne Badaru ya ga abin da bai gani da safe ba, domin da safe akwatin ya duba, ba mai gida ba. Idanun sun kumbura sun rufe, bakin ya yi kore, kumfa na fita ta hanci, numfashin yana wani ɗan fito siriri. Tsoro ya kama Badaru, irin wanda bai taɓa ji a gaban kowane oga ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A kai mu wurin mai magani."

Mataki na 8: Kare kanka a gaban likita

Likitar dabbobin da suka samu a wajen Kado sunanta Dokta Miriam, 'yar Filato, mace mai saurin hannu da saurin baki. Ta shinshina bayan Dattijo sau ɗaya ta dubi Badaru ta saman tabarau.

"Oga, kai ne ka yi ma shi wannan?"

A nan ka tuna horon ofis. Kada ka ce ni ne. Ka ce an yi.

"An dai yi ɗan fenti," in ji Badaru. "Amma an sa sanarwa."

"Sanarwa. To, sorry, bai je makaranta ba." Ta fara goge bakin da auduga. "Wane irin fenti?"

"Na mai. Da ɗan fetur kaɗan."

"Jesus. Ka rufe kuma?"

"Da gilashi. Akwai ƙwan lantarki, don ɗumi."

"So ka dafa shi a cikin warin ke nan." Ta juya ga Murja, ta ga alama nan ne hankali yake. "Madam, ki ji. Wannan abu ba ya iya tari kaman ni da ke. Abin da ya shaƙa yana zama a ƙirji. Kuma hanci nashi yana ƙasa, daidai inda wari ya fi yawa. In dole sai an yi fenti, na ruwa ake yi, ta waje kawai, a bar shi a iska sati da sati. In kin sa kai a ciki kin ji ko ɗan wari, bai yi ba. Tsohon fenti kuma wani yana da gubar dalma, ga shi ya ci."

"Zai tashi?" Inna ce ta tambaya.

Dokta Miriam ta sassauta murya. "Mama, zan yi ma shi allura, in ba ku maganin ido. A sa shi a ruwa mai ɗumi kullum, a bar shi inda akwai iska. Sauran sai mun gani."

A mota, Inna na baya da Dattijo a cinya cikin kwalin ayaba. Murja ta juyo ta ce su je gida Inna ta huta, ɗakinta na nan a gyare.

"Shi ma an gyara shi?" in ji Inna.

Murja ta dubi mijinta. Mijinta ya dubi titi.

"Baban Kauthar," in ji Inna, "ɗauki hanyar Jiwa."

Mataki na 9: Je ka ba da haƙuri, ka taimaka da ɗaukar kaya

Dattijo ya tashi. Sai da aka yi kwanaki ana jiƙa shi ana ɗiga masa magani, tsohuwa da kunkurunta kowa da nasa maganin idon, sannan wata safiya ya leƙo ya karɓi yakuwa. Ido ɗaya dai bai ƙara buɗewa sosai ba.

Da labari ya iso, Badaru ya ga dama ta samu. Ya wanke ɗakin, ya bar tagogi a buɗe dare da rana, ya farfasa akwatin, ya sayi kankana mafi girma a Zuba, suka nufi Jiwa shi da Murja. A hanya yana ta bitar jawabinsa.

Suka tarar da Inna a tsakar gida, ta cire tabarau, tana kwance wani ƙullin kaya. Ba ɗaya ba ne. Ɗakinta cike yake da buhuna da ƙulle-ƙulle, tukwane a cikin kwando, tabarmi a naɗe, har hoton marigayi an sauke shi daga bango an naɗe a zani. Ƙura ta kwanta a kansu, alamar sun daɗe a haka.

Murja ta tsaya a bakin ƙofa. "Inna, yaushe kika ɗaure kayan nan?"

"Tun kafin in tafi Kano."

"Ashe dama kin yanke za ki zo?"

"Na yanke mana. Maganar Dattijo na faɗa ne kawai don kada ki ga na yi saurin yarda."

Badaru ya durƙusa ya fara jawabi. Ya ce kuskure ne, ya ce an gyara, ya ce yanzu ɗakin ko ƙamshi babu balle wari. Inna ta bar shi ya kai aya.

"Ni ban riƙe ka ba, Baban Kauthar. Na san don ka girmama ni ka yi. Sai dai ni na ɗauka gida zan koma, ashe baƙuwa ake jira. Ni kuwa na tsufa da baƙunta." Ta miƙa masa ƙullin zanin. "Kai ne mai tsawo. Mayar mini da Malam kan ƙusarsa."

Ya karɓa, ya hau kujera, ya rataye hoton. Yana jin Murja a bayansa ta durƙusa tana kwance igiyar buhun tukwane, tana jan hanci. Har la'asar suna mayar da kaya, Inna na nuna inda kowanne yake zama.

Wanke hannu

Marubucin wannan jagora da sashen gyare-gyare baki ɗaya ba su da alhakin kumburin ido, fiton numfashi, shirun mata a mota, ko ɗakin da aka share ya zauna babu kowa. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Kada a zo ofishinmu da kunkuru, kada a bugo waya, in an zo ma za a ce muna mitin. A kuma sani cewa duk baƙin da muka gwada wannan tsari a kansu, kafin idonsu ya gama ruwa sun shiga mota sun tafi. Ba mu taɓa gwada shi a kan wanda ya zo zama ba.